Idon Kwaɗo da Littafin Haynes: Yadda Mai Mota Ya Zama Bakanikenta

A shekarar 1965, a birnin Aden da ke kudancin Yaman, lokacin yana hannun Birtaniya, wani sojan sama ya sayi tsohuwar mota da ta sha jiki, ya roƙi abokin aikinsa John Haynes ya taya shi tayar da ita. Motar ita ce Austin-Healey Sprite, ƙarama mai kujera biyu, marar rufin ƙarfe, daga cikin motocin tsere na kan titi da ake saye don jin daɗin tuƙi. Da Haynes ya duba littafin gyara na kamfanin da ya ƙera ta, sai ya tarar an rubuta shi ne don ƙwararren bakanike mai cikakken gareji, wanda ya riga ya san sunan kowane ƙarfe. Sai ya nemo kyamara. Duk abin da suka kwance ya ɗauki hotonsa, duk abin da suka mayar ya rubuta yadda aka mayar da shi. A 1966 wannan aiki ya fito a matsayin littafi, kuma kwafi 3,000 na bugun farko suka ƙare cikin ƙasa da wata uku.

Ba banza ba aka fara da Sprite. An fito da ita a 1958 a kan fam 669, ana ƙera ta a masana'antar MG da ke Abingdon, kusa da Oxford, kuma rangwamen kuɗi ya bayyana a ko'ina a jikinta. Ba ta da marfin but, sai mutum ya zura kaya ta bayan kujeru. Ƙofofinta ba su da hannu ta waje. Fitilunta, da aka so su riƙa shigewa cikin bonet, an bar su a tsaye saboda tsada, har Turawan Ingila suka laƙaba mata suna Idon Kwaɗo. Injinta mai cc 948, mai ƙarfin doki 43, an aro shi ne daga ƙananan motocin iyali na Austin da Morris, don haka kayan gyaransa suna ko'ina. Gaban motar kuwa, bonet da fitilu da abin da ke rufe tayoyi, ɗungurungum yake ɗagawa, ya bar inji a fili kamar an ɗora shi a tebur.

Irin wannan mota ba ta yarda a manta da ita. Tana da kafireta biyu ƙirar SU, kowacce da ɗan marfi a kai da ake ɗiga wa mai. Idan ba su shaƙi iska daidai da juna ba, inji ya dinga ɓari ke nan, kuma dabarar da masu motar suka gada ita ce a sa bakin siririn tiyo a maƙogwaron kafireta, ɗaya bakin a kunne, a saurari hucin kowacce, ana juya sukuru har sautin ya zo ɗaya. Kwantak ɗin da ke cikin na'urar raba wuta ga fulogi yana cinyewa, sai an gyara tazararsa. Ga giris da ake ɗura wa gaɓoɓin ƙafar gaba lokaci zuwa lokaci. Kayan wutar kuma na kamfanin Lucas ne, wanda masu motoci suka yi wa ba'a da Sarkin Duhu, ko da yake sau da yawa laifin na tsatsa ne a mahaɗar waya. Wanda ya ce duk waɗannan sai ya kai gareji, kuɗin gyara zai cinye arhar da ta sa ya sayi motar. Saboda haka safiyar Asabar ta zama ta sifana da baƙin mai.

Daga gyara zuwa sauyi taki ɗaya ne. Haynes da kansa ta nan ya shigo. Yana ɗalibi a makarantar kwana a Kent ya tuɓe gangar wata tsohuwar Austin 7, ya mayar da ita motar tsere mai sauƙin nauyi, sannan ya rubuta ɗan littafi kan yadda ya yi, kwafi 250 suka ƙare cikin kwana goma. Masu Idon Kwaɗo su ma ba su bar ta yadda ta zo ba: da yawa sun cire injinta sun sa mai cc 1275 na Sprite ɗin da suka biyo baya, suka musanya birkin gaba da mai faifai don ya iya riƙe sabon gudun. Kamfanin Lotus ya ma zarce haka. Motarsa Seven, da ta fito a 1957, a kwance ake sayar da ita cikin akwatuna, domin harajin saye na lokacin bai hau motar da mutum ya haɗa da hannunsa ba. Ana ba da labarin cewa tun da ƙa'ida ta hana a haɗa da takardar koyar da haɗawa, sai aka riƙa ba da ta koyar da kwancewa, mai saye ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. A 1973, shekarar da sabon tsarin haraji ya toshe wannan kafa, Lotus ya sayar da haƙƙin ƙera motar ga Caterham.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne hayaƙi. Amurka ce babbar kasuwar waɗannan motoci, kuma dokokinta na rage gurɓata iska sun yi ta tsananta a shekarun 1970. MGB, wadda ta fi kowace irinta kasuwa, ta rasa kafiretarta ɗaya a can a 1975, ƙarfinta ya ragu ƙwarai, kuma a 1980 aka rufe Abingdon. Masu ita ba su sallama ba. Buƙatar kayan gyara ta yi yawan da a 1988 aka koma buga sabuwar gangar MGB da ainihin injinan da aka buga ta farko. Lokacin da Mazda ta fito da MX-5 a 1989, ta ɗauko siffa da ruhin irin waɗancan ƙananan motocin Ingila, amma kwamfuta ce ke auna mata fetur da wuta. Babu sauran abin saurare da tiyo.

Wannan sauyi ya zo da alheri da ba a cika faɗa ba. Mota ta daina kwana a hanya kamar da, kuma daga 1996 doka ta tilasta wa duk sabuwar mota a Amurka ta zo da soket iri ɗaya, OBD-II, a kusa da sitiyari. Mai mota ya jona ƙaramar na'ura, ta ba shi lambar da ke nuna inda ciwon yake. Wannan soket ɗin ne kanikawan Kano da Kaduna ke jona wa kwamfuta a motocin tokumbo. Sai dai lambobin da doka ta buɗe sun fi shafar hayaƙi. Sauran bayanan, da manhajar da ake sake saita sassa da ita, kamfanoni sun riƙe wa dillalansu. Matsalar da Haynes ya tarar a Aden ta dawo da sabuwar riga, kuma wannan karon kyamara ba za ta ɗauki hoton abin da ke cikin kwamfuta ba.

Rigimar ta koma akwatin zaɓe. A 2012 masu jefa ƙuri'a a jihar Massachusetts suka amince da dokar da ta wajabta wa kamfanoni ba masu motoci da garejin unguwa bayanan gyara irin waɗanda dillalai ke samu. A 2020 suka faɗaɗa ta zuwa bayanan da mota ke aikawa kamfani ta iska, kamfanonin kuma suka garzaya kotu, aka shafe shekaru ana shari'a.

John Haynes ya rasu a watan Fabrairun 2019, bayan an sayar da littattafai sama da miliyan 200 masu ɗauke da sunansa. A 2020 kamfanin Infopro Digital na Faransa ya sayi kamfaninsa, kuma a Disambar wannan shekara aka sanar cewa sabbin motocin da za su fito ba za a buga musu littafin gyara a takarda ba, sai a intanet. Tsofaffin littattafan dai an ci gaba da buga su.