Yaƙi da Jahilci da Jaridun Larduna a Arewacin Nijeriya

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wato gangamin koya wa manya karatu da rubutun boko da ɗan lissafi, ta kuma ɗora nauyin buɗe azuzuwa a wuyan En'e, hukumar da ke tafiyar da mulkin ƙasa a ƙarƙashin sarki. Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jami'an da suka ja ragamar aikin. Da harshen ɗalibi ake koyarwa, galibi Hausa, kuma an fi cika aji da rani bayan an kawar da amfanin gona, domin magidanci ba zai bar noma ya zauna gaban allo ba. Da yawa daga cikin ɗaliban sun yi makarantar allo, wasu ma suna rubuta wasiƙa da ajami, saboda haka abin da ya kawo su shi ne su iya karanta takardar haraji da kansu, su kuma gane lambar da ma'auni ya nuna ranar sayar da gyaɗa.

Babbar hikimar tsarin tana cikin abin da aka tanadar wa ɗalibi bayan ya bar aji, domin wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali da girmansa, in bai sami abin karantawa ba, karatun yakan zube cikin ɗan lokaci. Don haka aka kafa Hukumar NORLA a Zariya, kusa da Kamfanin Gaskiya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzagiya ta Zazzau. Amfaninsu shi ne sabon makaranci yakan ci karo da sunan garinsu da na hakiminsu da labarin kasuwarsu, sai ya daure ya kai ƙarshen shafi, har ya karanta wa maƙwabta a zaure.

An rufe NORLA a 1959, abin da ya zama babbar hasara ga waɗanda karatunsu bai yi ƙwari ba tukuna. Aikin ya sake samun ƙarfi a 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1990.