Daren Gireco: Kirsimeti a Kogon Dutse

A ƙasar Italiya, a kwarin Riyeti, akwai wani ƙauye a gefen dutse mai suna Gireco. A can ne aka yi wani bikin Kirsimeti a shekara ta 1223, wanda har yau ikilisiya ba ta manta da shi ba. Ba a yi shi da sababbin tufafi ko yawan abinci ba. Kayan bikin duka uku ne: komi cike da ciyawa, da sa, da jaki.

Wanda ya shirya shi Waliyyi Faransis ne na garin Asisi. Mahaifinsa attajiri ne, mai cinikin yadi, saboda haka Faransis ya san daɗin tufafi masu tsada tun yana saurayi. Amma ya bar dukiyar gidansu domin ya bi Almasihu cikin talauci. A ranar 29 ga Nuwamba 1223 Paparoma Honoriyus na Uku ya tabbatar da dokar ƙungiyar 'yan'uwan da Faransis ya kafa. Bayan wannan ne ya nufi kwarin Riyeti.

Toma na Celano, wanda ya rubuta tarihin Faransis jim kaɗan bayan rasuwarsa a 1226, ya ce saura kwana 15 Kirsimeti Faransis ya kira abokinsa Yohanna, wani babban mutum na Gireco. Ya gaya masa yana so ya gani da idonsa irin rashin da jaririn Baitalami ya sha, yadda aka kwantar da shi a kan ciyawa a wurin dabbobi. Yohanna kuwa ya shirya kome a cikin wani kogo.

Da daren ya yi, maza da mata suka fito daga ƙauyuka da kyandir da jiniya a hannu, suna waƙa. Firist ya yi Hadayar Mass a bisa komin. Faransis, da yake shi dikon ne, ya rera Bishara, ya yi wa'azi a kan Sarkin da aka haifa matalauci. Ba a sa siffar Maryamu ko ta Yusufu ba. Toma ya ƙara da cewa wani mutum ya ga wahayi: jariri kwance a komin kamar ba rai, sai Faransis ya matso ya tashe shi. Fassarar da ya ba wahayin ita ce, an manta da Yesu a zukatan mutane da yawa, a daren nan kuwa aka sake tunawa da shi.

Abin da Faransis ya nuna yana cikin Littafi Mai Tsarki. Luka 2:7 ya ce an kwantar da jaririn a komin dabbobi don ba su sami masauki ba. A aya ta 24, hadayar da iyayensa suka kai Haikali tsuntsaye biyu ce, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Sa da jaki kuwa Luka bai ambace su ba, daga Ishaya 1:3 Kiristocin dā suka ɗauko su. Ashe Kirsimeti na fari na sabon aure ne da ɗan fari, a baƙon wuri, hannu babu nauyi.

Faransis ba maƙiyin murna ba ne. Ya so a ranar Kirsimeti masu hali su ƙosar da matalauta, a ƙara wa shanu da jakuna ciyawa, a watsa wa tsuntsaye hatsi a hanya.

Daga baya al'adar komin Kirsimeti ta shiga majami'u da gidaje. A ƙarni na 18 attajiran birnin Nafoli suka mai da ita gasar ado, da siffofi masu rigunan siliki. A ranar 1 ga Disamba 2019 marigayi Paparoma Faransis ya je Gireco, ya sa hannu a wata wasiƙa da ke roƙon iyalai su riƙe al'adar, domin ta haka iyaye da kakanni ke miƙa wa yara bangaskiya.

Wannan tarihi yana da magana ga magidanci mai ƙananan yara. Sau da yawa yakan ci bashi a Disamba saboda ɗinki da shinkafa da akuya, uwargida ta wuni a murhu har sujada ta wuce ta, a Janairu kuma kuɗin makaranta ya zo ya tarar da aljihu wayam. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Kara da harawa da yumɓu suna nan a kowane gida bayan kaka. Yaro ɗan shekara biyar zai iya gina jaki da hannunsa, uba ya karanta Luka sura ta 2, uwa ta ɗauki waƙa, a aika wa gwauruwar maƙwabta da kwanon abinci. Mutanen Gireco ba su kai fiye da haka kogon ba, Toma kuwa ya ce kowa ya koma gida da farin ciki.