Aji da Abu a Harshen MATLAB

MATLAB harshe ne na kwamfuta da injiniyoyi da masana kimiyya ke amfani da shi wajen lissafi mai zurfi. Cleve Moler ne ya fara shi a ƙarshen shekarun 1970 a Amurka, sannan aka kafa kamfanin MathWorks a 1984 domin bunƙasa shi. A 2008 aka shigo da kalmar classdef, wadda da ita ake ayyana aji a yau.

Ma'ana

Aji tamkar akwatin buga bulo ne, abu kuwa shi ne kowane bulo da ya fito daga cikinsa. Aji ne ke fayyace bayanan da abu zai ɗauka da ayyukan da zai iya yi.

Yadda ake ayyana shi

Ana rubuta aji a fayil mai ɗauke da sunan ajin, mai ƙarewa da .m. Sashen properties yana riƙe siffofi, sashen methods kuma yana riƙe ayyuka. Aikin da ke ƙera sabon abu dole ya ci sunan ajin kansa.

A misali, mai binciken noman citta a Kagoro da Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna, zai iya ayyana aji mai suna Gona. Siffofinsa su ne faɗin gona da yawan buhunan da aka girbe, aikinsa kuma shi ne fitar da amfanin kowace hekta. Daga nan kowace gonar da ya ziyarta za ta zama abu guda.

Nau'o'i biyu

Wajibi ne a bambanta ajin ƙima da ajin madogara. A ajin ƙima, wanda shi ne na asali, idan aka rubuta B = A, to B kwafi ne mai zaman kansa, kuma sauya shi ba ya taɓa A. Amma idan aka rubuta classdef Gona < handle, sunayen biyu suna nuni ne ga abu ɗaya. Wanda ya gyara yawan buhunan B ya gyara na A ke nan, kuma kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. Saboda haka ake zaɓen nau'in aji tun kafin a fara shigar da alƙaluma.