Lissafin Kabon

Lissafin kabon hanya ce da ma'aikata ke bi don auna iskar da take fitarwa mai ɗumama duniya, a ma'aunin tan. Ƙa'idar GHG Protocol ta 2001 ta kasa shi uku: man da ma'aikata ke ƙonawa, lantarkin da take saya, da hayaƙin abokan hulɗarta. A Dakoro da ke jihar Maraɗi, inda masana'antu suka yi ƙaranci, nauyin lissafin na kan dabbobi da itatuwa. Tun 1983 manoman jihar Maraɗi ke raya tohon kututture a gonaki, itatuwan kuwa suna riƙe kabon. Masu suka na cewa gatari ko fari na iya mayar da shi sama. Da gaskiyarsu, shi ya sa a inda ake cinikin kabon da itatuwa suka riƙe ake maimaita awo, ana kuma keɓe wani kaso ba a sayar ba.