Yadda Lasifikar Kaurin Sauti Ta Samu Gurbi a But ɗin Mota

Masu ganin cewa son burga ne ya haifi sabwufa, wato lasifikar kaurin sauti, a mota sun manta da abin da ya gabaci burgar. Sautin da ke ƙasa da hertz 80 yana buƙatar a tura iska mai yawa, ƙananan lasifikun ƙofa kuwa ba su iya wannan, ga kuma gurnanin inji da na tayoyi suna haɗiye ɗan abin da suka fitar. Larura ce ta fara. Gidajen sinima na Amurka sun nuna hanya a 1974, sa'ad da fim ɗin Earthquake ya girgiza kujeru da manyan lasifikun Cerwin-Vega. A 1980 Steve Irby na garin Stillwater, jihar Oklahoma, ya fito da akwatin lasifika na Kicker don motoci, kuma a shekarar ce kamfanin Roland ya saki na'urar kiɗa ta TR-808, wadda makaɗan Miami suka gina salonsu kan kaurin gangarta.

Za a ce ai gasar ƙarar sauti, wadda ta biyo baya, ta isa shaida cewa burga ce. Gaskiya ne, ta wuce gona da iri, kuma maƙwabta na da hujjar ƙorafi. Amma kiɗan da aka tsara da wannan ganga, rabinsa kawai ake ji idan babu sabwufa.