Kiɗan Fada da Lissafin Shekara a Arewacin Zamfara

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, tun daga shekarar 1941 ake taruwa a ranar 1 ga Janairu domin sauraren kiɗan manyan makaɗan da suka shuɗe, ana zaune shiru a cikin zaure bayan an biya kuɗin shiga. A ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, har da ƙauyuka irin su Ɗan Isa, kiɗan da ke da irin wannan daraja shi ne kiɗan fada, sai dai lokutansa ba su taɓa ratayuwa ga shigowar shekara ba, domin sarauta ce ke tsara masa rana.

Tushen wannan kiɗa yana cikin tarihin sarautun yankin, wanda ya ga faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a wajajen 1762, sannan ya ga faɗuwar Alƙalawa a hannun masu jihadi a 1808, yaƙin da Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, ya taka rawa a cikinsa. Ko da yake shugabannin jihadi sun soki kiɗan shagali, sun bar wanda ake yi domin tara jama'a ko fita yaƙi, kuma ta wannan kafa ce tambari, wato babbar gangar da ake buga wa sarki ranar naɗi, ya ci gaba da zama alamar mulki. Da tafiya ta yi tafiya, sai fadodin hakimai suka sake cika da makaɗan taushi da na kotso.

Kotso ganga ce mai baki ɗaya wadda makaɗi ke ratayawa a kafaɗa, yana kaɗa ta da yatsu yana matsa tsarkiyoyinta domin muryarta ta hau ko ta sauka daidai da karin magana. Shugaban ƙungiya shi ke ɗora gindin waƙa, wato baitin da ake komawa gare shi, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya riƙa jero ɗiyan waƙa masu ɗauke da yabon ubangida da jerin kakanninsa, da zambo da habaici ga abokan hamayyarsa na gidan sarauta, yayin da sanƙira ke tsaye a gefe yana ɗaga murya yana fayyace wa jama'a abin da aka faɗa. Da wannan ganga ce Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali da ke kusa da Shinkafi, ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har gobe masana ke nazari a jami'o'i, musamman Bakandamiya, kamar yadda Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo suka shahara da ita a ɓangaren Maradun.

Lokutan da talaka ke jin wannan kiɗa sanannu ne, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a saurara, domin ubangida ne ke ɗaukar nauyin makaɗinsa da riga da doki da hatsi. Akwai sara, wato kiɗan da ake yi a ƙofar fada daren Juma'a, akwai ranar naɗin sarauta, sannan akwai Ƙaramar Salla da Babbar Salla, lokacin da makaɗi ke fito da sabuwar waƙar da ya daɗe yana shiryawa. Saboda haka Salla ce ma'aunin shekarar makaɗin fada. Ita kuwa sabuwar shekarar Musulunci, wadda ke kamawa da watan Muharram, an fi saninta da cika-ciki, wato cin abinci a ƙoshi a daren goma ga wata, da kuma kuɗin shara da taubasai ke karɓa a tsakaninsu.

Isowar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929, da buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sun fitar da waɗannan waƙoƙi daga ƙofar fada zuwa kunnen wanda bai taɓa taka Isa ko Zurmi ba. Daga baya kaset ya karɓa, yanzu kuma wayar hannu. Amma ƙaddamar da shari'a a Jihar Zamfara a 1999 ta rage tarukan kiɗa a fili, kuma rashin tsaron shekarun baya-bayan nan ya sa taron dare ya yi wuya a ƙauyukan yankin. Abin da ya rage a wuyan masarautu da jami'o'i shi ne su tattara faya-fayen da ke akwai, su rubuta matanin waƙoƙin tare da bayanin dattawan da suka san mutanen da aka ambata a ciki, tun kafin a rasa masu iya warware habaicin.