Daga Jigo Zuwa Inji a Kwarin Rima

An kammala Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Kafin nan, ambaliyar damina ke shayar da fadamun Wurno, da rani kuwa sai jigo. Da ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa, wanda bai sauya dabara ba sai albasarsa ta ƙone. Cikin 'yan shekaru muka ga manoma sun laƙanci injin ban-ruwa, har da gyaransa. Dalili kuwa, tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello mutanen Wurno suka san halin fadama. Inji kaɗai ne baƙo. Mu marubuta ma, gwargwadon riƙonmu da harshen gado, gwargwadon saurinmu wajen ƙwarewa a sabon salo.